A Auna Tsaro Gwargwadon Majinyaci

Duk lokacin da mai taɓin hankali ya yi kisa ko ya ji wa wani ciwo, abin da jama'a kan nema shi ne a kai shi inda ba za a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Wannan fargaba tana da dalili, kuma kare rayuka wajibi ne a kan hukuma. Amma akwai tambayoyin da ba a cika yi ba: wane irin tsaro ne ya dace da shi, wa zai auna, kuma har zuwa yaushe?

Doka ba ta ɗora alhakin laifi a kan wanda ciwo ya gusar wa hankali har bai san abin da yake aikatawa ba. Haka sashe na 28 na dokar manyan laifuffuka ta Kudu ya tanada, haka kuma sashe na 51 na Final Kod ta Arewa. Sai dai kotu ba ta sallamar irin wannan mutum, takan ba da umurnin a ajiye shi, kuma sau da yawa wurin ajiyar gidan yari ne. Wannan gado ne na zamanin Turawa. Gidan mahaukata na Yaba da aka buɗe a 1907 ya fi kama da wurin tsarewa, shi kuwa na Lantoro a Abekuta gidan yari ne aka mai da shi asibiti a 1944. Dokar Mahaukata ta 1958 ma ta shekara fiye da 60 tana aiki.

Likitocin wannan fanni sun daɗe da gane cewa majinyatan ba ɗaya suke ba. A Ingila an kasa asibitocinsu mataki uku: masu tsananin tsaro, irin su Broadmoor da aka buɗe a 1863, da matsakaita, waɗanda rahoton kwamitin Butler na 1975 ya ƙarfafa a gina, sai kuma masu sassauci. Kafin a ajiye mutum a ɗayansu sai an duba girman ta'asar da ya yi, da ko haɗarin yana nan har yanzu, da ko akwai wanda ya ƙulla a zuci, da ko ya taɓa yunƙurin gudu ko halaka kansa, da shaye-shayensa, da yadda yake karɓar magani. Tsarin mataki ba baƙo ba ne a nan, domin ko a Kirikiri akwai gidan yari mai tsananin tsaro, akwai matsakaici.

Shi tsaron kansa ƙafa uku gare shi. Ta farko gini, wato katanga da ƙofa da makulli. Ta biyu ƙa'ida, wato binciken kaya, da ƙidayar majinyata, da izinin fita. Ta uku kuwa, wadda ta fi muhimmanci, ita ce sanin majinyaci: ma'aikacin jinya ya san abin da ke tunzura shi, ya ga alamar tashin ciwo tun kafin a kai ga ɓarna.

Kuskure a nan baki biyu gare shi. Idan tsaro ya gaza, ma'aikata da sauran majinyata ne za su fara ɗanɗanawa. Idan ya yi yawa, an daddale wanda magani ya riga ya kwantar, ciwonsa ya ƙaru, ya kuma tare gadon da wani mai haɗari yake bukata.

A nan ne maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu. Awon duka da tambaya da amsa ake yin sa. Ɗan dako ko mai gadin da ba ya jin Turanci ko Yarabanci, shirunsa sai a ɗauke shi taurin kai. Idan ya ambaci sammu ko iskoki, likitan da bai san al'adarsa ba yana iya lissafa maganar cikin ciwo, ko ya raina ta alhali ciwon ne. Rashin tsayayyen adireshi sai ya zama hujjar cewa zai gudu. Ko ya sami sauƙi, in babu ɗan'uwan da zai karɓe shi, sai ya dawwama a tsare. Sashe na 36 na Tsarin Mulki na 1999 ya ba wanda ake tuhuma tafinta kyauta a kotu; lalle ne tafintan ya bi shi har gaban likita.

Dokoki sun canja. Akwai dokar gyaran gidajen yari ta 2019, akwai kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, wadda aka bayyana sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kanta a Janairun 2023. Abin da ya rage shi ne aiki. Kamata ya yi asibitocin Tarayya na Yaba, Aro, Binin, Inugu da Kalaba kowanne ya sami sashen waɗanda kotu ta aiko, mai matakan tsaro dabam-dabam. A rubuta dalilin ajiye kowane majinyaci a matakin da yake, a sake dubawa aƙalla duk wata shida, wanda ya sami sauƙi a sassauta masa, wanda ya tsananta a ƙara.

Su ma sarakunan Hausawa na Agege, Idi-Araba, Shagamu da Sabon Badun akwai nasu nauyi. Su san 'yan'uwansu da ke tsare, su samar da tafinta, su nemo dangi a gida. Iyalai kuma su bar ɓoye mara lafiya ko sa shi a mari har sai ya yi ɓarna; a kai shi asibiti da wuri. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta, kuma jama'a ba za su sami kwanciyar hankali ba sai an ajiye kowane majinyaci a inda ya dace da shi.