Man Kwarin Sakkwato: A Faɗa Wa Jama'a Inda Aka Kwana

Masana duwatsu sun daɗe da sanin gabashin Sakkwato, har akwai shimfiɗar dutsen da suka raɗa wa sunan Wurno. A irin wannan ƙasa ake sa ran samun ɗanyen mai, shi ya sa a 2017 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya taka har ofishin shugaban kamfanin mai na ƙasa, NNPC, na lokacin, Maikanti Baru, yana neman a binciki kwarin. An yi alkawari. Daga nan sai shiru ya yi yawa, raɗe-raɗi suka maye gurbin bayani.

Jinkiri a harkar mai ba baƙon abu ba ne. Filin Bonga, mai nisan kilomita 120 cikin teku, Shell ya gano shi tun tsakiyar shekarun 1990, amma sai a 2005 gangar farko ta fito. Masu hannun jari sun jure, domin ana ba su rahoton ayyukan kamfanin. Manomin albasa a Goronyo da mai shinkafa a fadamar Wurno, waɗanda za a iya taɓa gonakinsu, ba wanda ya nuna musu ko takarda ɗaya. Sai dai su ji ana cewa ai Nijar tana haƙowa, alhali rijiyoyin Agadem suna can jihar Diffa, a wani kwari dabam.

Kolmani ma ta isa darasi. A Nuwamban 2022 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a can, a iyakar Bauchi da Gombe, aka ambaci ganga biliyan ɗaya, mutanen yankin kuwa suka ci gaba da zuba ido.

Wannan jarida tana ganin kuɗi ba hujja ba ne yanzu, tunda dokar man fetur ta 2021 ta tanadi asusu na musamman domin bincike a irin waɗannan wurare. Ya kamata NNPC ta fito da abin da bincikenta ya nuna a Sakkwato, ko da babu daɗi. In kuwa tsaro ne cikas, a faɗa ƙarara. Ba a manta da harin Magumeri na 2017 kan masu binciken mai a Borno ba, kuma babu kamfanin da zai kai ma'aikatansa dajin Rabah muddin mutanen Gandi da ke yankin ba sa barci da ido biyu rufe.