Sana'ar Hannu: Kada Ki Raina Ƙyallen Da Tela Ya Rage



A hunturun bara na je barkar haihuwa a Shagari, na tarar an lulluɓe jaririya da wani ɗan bargo mai launi iri-iri. Da na tambayi inda aka saye shi, sai kakarta ta yi dariya ta ce, "Malama, ai ragowar atamfofin salla ne na harhaɗa." Na dawo Boɗinga ina jin kunyar ledar ƙyallayen da na sha zubarwa, alhali kuwa duk shekara sanyin Disamba da Janairu sai ya sa mu neman kuɗin bargo.

Wannan aiki ba a ƙasarmu kaɗai ake yinsa ba. A Amurka akwai wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama, inda matan baƙar fata suka daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin tufafi saboda talauci. A shekarar 2002 aka baje kolin aikinsu a gidan tarihi na birnin Houston, a 2006 kuma aka buga hotunansa a kan sarkin wasiƙa.

To uwargida, ga yadda za ki fara. Kada ki ɗauko na babban gado tun farko, za ki gaji ki watsar. Fara da na jariri, mai inci 36 tsawo da faɗi. Abin da kike buƙata shi ne almakashi, allura da zare, alli, fil, dutsen guga da ɗan kwali. Keken ɗinki yana saurin aiki, amma hannu ma ya isa.

Da farko ki roƙi telanki ya riƙa dawo miki da ragowar ɗinkinki, ai haƙƙinki ne. Ki ware atamfa daban, shadda daban, domin mai kauri da mara kauri ba sa zama lafiya wuri guda. Leshi da yadi mai santsi ki bar su tukuna.

Sannan ki wanke kowane ƙyalle ki goge kafin ki yanka. A nan ni na yi kuskure: na haɗa jar atamfa da farin yadi ban wanke ba, wankin farko ta zuba, aikin sati biyu ya lalace.

Ki yanka kwalin nan murabba'i, inci 5 kowane gefe, ki riƙa ɗora shi kina zanawa da alli, har ki sami guda 64. Ki jera su a kan tabarma, takwas-takwas layi takwas, mai duhu kusa da mai haske. Ki ɗinke kowane layi, kina barin rubu'in inci a baki, ki goge, sannan ki haɗa layukan.

Daga nan ki shimfiɗa zane mai kyau a ƙasa, tsohon zane mai laushi a tsakiya, haɗinki a sama. Ki kama su da fil, ki bi layukan da ɗinki daga tsakiya zuwa baki don kada ya tattare. A ƙarshe ki kalmashe bakin. Ki tabbata kin ƙirga fil ɗinki kin cire su duka kafin ya taɓa jikin yaro.

Wanda na sake yi bayan wancan, shi autana ke kwana da shi yanzu. Idan hannunki ya faɗa, sai ki wuce zuwa rigar matashin kai da shimfiɗar gado, har ki riƙa kaiwa gidan suna a matsayin gudummawa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.