Kada yaranmu su ƙara haddace kalmar Jamusanci tsirara



A zamanmu na ƙarshen wata an tayar da maganar tallafin da ƙungiya ke bai wa matasanmu masu koyon Jamusanci, aka watse ba a tsayar da magana ba. Kowa ya san abin da ya jawo ta. Ɗaya daga cikin yaran da muka haɗa wa kuɗin jarrabawa ya ci ɓangaren karatu da na saurare, ya faɗi na rubutu. Wasu dattawa suka ce a dakatar da tallafin, wasu suka ce a sake biya masa. Mu da muka karɓi littafin da yake rubuta darasi muka duba, mun ga wani abu da ya kamata a yi magana a kansa kafin a koma batun kuɗi.

Yaron ba rago ba ne. Littafin cike yake da kalmomi, kowace da fassararta ta Turanci a gefe. Amma kusan duk tsirara ya rubuta su: Tisch, Tür, Haus. Babu der, babu die, babu das. Da muka tambaye shi, sai ya ce malamin da ya fara koya musu a unguwa ya ce kada su ɓata lokaci a kan waɗannan, Bajamushe zai gane su ko sun kuskure. Ba mu ce wannan kaɗai ya kayar da shi ba. Amma mun tabbata da shi a ciki.

Suna a Jamusanci jinsi uku gare shi. Akwai namiji mai ɗaukar der, akwai tamace mai ɗaukar die, akwai kuma na uku mai ɗaukar das, wanda ba ya nan ba ya can. Da a ce abin ya tsaya a nan, da malamin nan ya yi gaskiya. Sai dai jinsin shi ke jan sauran jimlar. Der Mann yakan koma den Mann, ko dem Mann, ko des Mannes, gwargwadon aikin da kalmar ke yi a cikin zance. Sifa ma tana bi: ein guter Mann, eine gute Frau, ein gutes Kind. Har die Frau takan koma der Frau idan aka ce mit der Frau, kuma matar ba ta zama namiji ba. Wanda bai san jinsin kalma ba, kuskure ɗaya ya yi a farko, amma zai haifa masa uku ko huɗu kafin ya kai aya. Mai duba takarda kuwa duk zai gan su.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, a duk masu zama ajin Jamusanci a Legas ko Ibadan, Bahaushe ne ya kamata ya fi kowa saurin gane wannan. Turanci "the" ɗaya gare shi ga kowa da komai. Yarabanci da Ibo ba su raba sunaye jinsi-jinsi. Mu kuwa da shi muka tashi. Muna cewa rigar Audu, muna cewa wandon Audu, ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana dalili. Rana ta fito, wata ya tsaya. Bajamushe ma haka yake cewa: die Sonne tamace, der Mond namiji. Kuma mun saba da kalmar da ke saɓa wa ƙa'ida. Yawancin sunayen da suka ƙare da "a" tamata ne a Hausa, amma ruwa da gida da nama duk maza ne. To me zai ba mu mamaki don das Mädchen, wato yarinya, ta faɗa jinsi na uku? Dalilinta ma a fili yake, duk kalmar da ta ƙare da ɗafin -chen can take tafiya.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yaranmu da aka haifa a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, da yawansu wannan kunnen ya fara toshewa. Za ka ji yaro ya ce "yarinya ya zo", ko "motana ya lalace", iyaye na zaune ba mai gyara masa. Mun ɗauka ƙaramin abu ne. Ga shi yau jarin da zai shiga aji da shi ya fi abokansa, mun bari ya zube a tsakar gida.

Yanzu ga inda maganar "ai za su gane ka" take rushewa gaba ɗaya. A Hausa muna da wuya da wuya. Wuyan riga daban, wuyar aiki daban, rubutu ɗaya, jinsi da karin sauti ne suka raba su. Jamusanci na da irin waɗannan da dama, kuma kamar da gangan, suna zaune daidai inda yaranmu za su taka. Das Gehalt albashi ne, der Gehalt kuwa abin da ke ƙunshe a cikin abu, kamar yawan sukari a abin sha. Die Steuer haraji, das Steuer sitiyarin mota. Der Leiter shugaban sashe, die Leiter tsani, don haka mai son ya ce shugabar mace ce sai ya ce die Leiterin, in ba haka ba ya mayar da ita abin hawa rufi. Der Kiefer muƙamuƙi, die Kiefer wata bishiya. Der See tafki, die See teku. Band ma uku ce: das Band zare ko ƙyalle mai tsawo, der Band juzu'in littafi, die Band ƙungiyar mawaƙa.

Wasu kuma jinsin bai canja ba, ma'anar ce ta rabu. Die Bank benci ne, kuma banki ne, sai a jam'i ake rarrabewa, Bänke da Banken. Der Stuhl kujera ce, amma a asibiti idan aka tambayi ma'aikaciyar jinya labarin Stuhl ɗin majinyaci, bayan gidansa ake nufi. Yawancin 'ya'yanmu mata da ke wannan karatu aikin jinya suke hari, inda galibi ake neman matakin B2 kafin a amince da takardar mutum. Wadda za ta bi mijinta ma galibi sai ta nuna shaidar A1 kafin biza. A can za su karɓi bayanin majinyaci daga wanda ya tashi aiki, su rubuta rahoto da hannunsu. Ba wurin kame-kame ba ne.

Mun yarda, a kasuwa ko a tashar jirgi, in ka ce der a wurin das za a gane ka, wataƙila ma ba mai ɗaga kai. Mun kuma yarda tsoron kuskure ya hana wasu buɗe baki, wannan ma ciwo ne. A yi magana, a yi kuskure, ba laifi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a mayar da kuskuren ya zama tsarin koyarwa, a karɓi kuɗin iyaye da alkawarin B1 cikin wata uku.

Kuma abin ba duka hadda ba ne. Duk sunan da ya ƙare da ɗafin -ung ko -heit ko -keit tamace ne. Ranakun mako da watanni maza ne. Kalmar da aka harhaɗa tana bin jinsin gutsurenta na ƙarshe: das Haus ya ba da das Krankenhaus, die Schwester ta ba da die Krankenschwester. Sauran kuwa sai an haddace, kuma kada a jingina da Hausa a nan. Ƙofa da die Tür sun dace, amma wuƙa das Messer ce, mota das Auto.

Shawararmu ga shugabanni ita ce kada a dakatar da tallafin, a sa masa sharaɗi. Duk wanda ƙungiya za ta biya wa jarrabawa ya riƙe littafi mai gida huɗu: kalmar tare da der ko die ko das ɗinta, jam'inta, jimla guda da aka yi amfani da ita, sannan ma'anarta da Hausa, ba da Turanci ba. Wanda ya rubuta "tsani" da "shugaba" a layi biyu ba zai sake haɗa su ba. In kalma na da ma'ana biyu, a duba ƙamus na Duden, kyauta yake a intanet, a ba kowace layinta. Da yake jarrabawar B1 da B2 ta cibiyar Goethe kashi huɗu ce, kuma ana iya sake ɓangaren da aka faɗi shi kaɗai, yaron nan rubutu kawai zai maimaita. Mu muna ganin a biya masa, bayan ya koma kan littafinsa daga shafin farko ya tufatar da kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya.

Za mu sake gabatar da maganar a zama mai zuwa. Masu karatun su zo da littattafansu, iyayensu ma muna so su halarta.