A gwada sabon jirgi kafin ya ɗauki mutane

Ƴan uwa masunta na tabkin Tabalak, bisa hanyar Tawa zuwa Agadas, bai kamata sabon kwale-kwale ya ɗauki mutum ba sai an gwada shi. A bar shi ya kwana biyu cikin ruwa don katako ya kumbura, a liƙe duk inda yake yoyo. Sannan a loda masa buhunan yashi daidai nauyin da zai riƙa ɗauka, a tuƙa shi kusa da gaɓa, inda ruwa bai wuce ƙugu ba. A lura ko yana karkata, musamman in iskar hunturu ta taso.

Wasu na cewa ɓata lokaci ne, kifi na jira. Amma in buhun yashi ya nutse, ba a zaman makoki.