Ku Tashi, 'Yan'uwa, Litinin Ma ta Ubangiji Ce!

 Ku ba ni hankalinku.

Ranar Lahadi kam mun iya ta, ba gardama. Da sassafe an goge kaya, an kafa ɗauri, majami'a ta cika maƙil. Zumuntar Mata ta tashi da ganga da tulu, 'yan kwaya sun rera, Fasto ya yi wa'azi har ya jiƙe da gumi, mun amsa amin da ƙarfi, mun kai baiko da rawa. Madalla. To, in gari ya waye Litinin fa? Mako awa 168 ne. Uku ko huɗu muke yi a coci. Sauran na wane ne?

Wa'azin Lahadi shuka ne. Wane manomi ne zai yi shuka ya koma gida ya miƙe ƙafa, ba firi, ba maimai, sai da kaka ya tunkari gona da amalanke zai kwaso dami? Ciyawa zai tarar ta kai masa ƙugu. Haka da yawa cikinmu muke. Shekara ashirin da baftisma, fushin nan yana nan, ƙaryar nan tana nan, gulmar nan ko gezau ba ta yi ba. Mun tsufa a coci, amma ba mu girma a cikin Ubangiji ba.

Ku duba waɗanda muke karanta labarinsu. Ubangijinmu Yesu ya yi wajen shekara talatin kafin ya fara wa'azi a fili, mutanen Nazarat kuwa da kafinta suka san shi. Daniyel ma'aikacin gwamnati ne a Babila. Sau uku a rana yake durƙusawa, kuma da maƙiyansa suka bi diddigin aikinsa don su kama shi da laifi, hannu biyu suka dawo. Dokas ta Yafa ba mu ji ta hau bagade ba, ɗinki ne hidimarta, amma ranar da ta rasu gwauraye suka taru suna kuka, suna nuna rigunan da ta ɗinka. Zakka na Yariko da ya tuba, aljihunsa ne ya fara shaida, ya ce zai mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. A wurin aiki aka gane su. A gida, a kan hanya, a ranakun da ba a buga ƙararrawa.

Kada wani ya ce da sauran lokaci. Mun ga 2020 da idonmu, da cutar korona ta sa aka rufe majami'u. Magidanta nawa ne suka zauna a tsakar gida da iyali, aka rasa mai buɗe baki ya yi addu'a? Mun kuma san abin da ya sami 'yan'uwanmu na EYN a watan Oktoba na 2014, da 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi da hedikwatar ikkilisiyar a Kwarhi. Jama'a suka watse, wasu Yola, wasu Jos, wasu suka ƙetara Kamaru. Ba wanda ya gudu da benci ko bagade. Wanda ya saba da addu'a a ɗakinsa, ita ya tafi da ita. Wadda ta haddace ayoyi, su ta riƙa faɗa wa 'ya'yanta a daji. Ikkilisiyar EYN ɗin ma ai a gindin tsamiya ta yi sujadarta ta farko a Garkida, a 1923. Gini abu ne mai kyau, mu gina. Amma mu gina mutanen da za su tsaya ko da ginin ya faɗi.

Saboda haka ku sauko da Littafi Mai Tsarki daga saman kabad. Ku kakkaɓe ƙurar. Kun san wahalar da aka sha kafin ya iso hannunmu cikin harshenmu? Tun a shekarun 1850 wani mai mishan, Schön, ya duƙufa kan Hausa tare da wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu. Likita Miller, wanda ya zauna a Zariya, shi da abokan aikinsa suka yi shekaru suna fama, sai a 1932 cikakken Littafin ya fito da Hausa. A 1980 aka sami sabuwar fassara. Kakanninmu da yawa saboda Littafin nan suka koyi karatu, da girmansu, a gaban aci-balbal. Mu yau yana cikin wayarmu, kyauta, amma yatsanmu ya fi sanin hanyar Facebook.

Ku fara ƙarami. Markus sura 16 ce kacal. Sura ɗaya kowace safiya, kafin wata ya ƙare kun gama har kun shiga Luka. Karin Magana sura 31 ce, kowace ranar wata da tata. Wasiƙar Yakubu sura biyar ce, ita kuwa ba ta raga wa harshen kowa. Wanda bai iya karatu ba, ya sa jikansa ya karanta masa, ko ya saurara a waya. Maigida, kai ne za ka tara iyali, ba aikin Fasto ba ne, ba kuma na uwargida ita kaɗai ba. Minti goma ya isa. A karanta, a tambayi yara abin da suka ji, a yi addu'a, a ambaci mutane da sunansu. In maigida ya yi nauyin jiki, Mama, ki fara, zai biyo. Kullum muna jin maƙwabcinmu Musulmi yana zuba ruwa a buta tun da asuba, sanyi ko damina. Wannan naci abin girmamawa ne. Mu me ya danne mu a kan katifa?

Sa'an nan ku fita da abin da kuka karanta. Nan ne aikin yake, nan ne kuma muka fi faɗuwa.

'Yar'uwa mai awo, ki cika mudu. Kada a buga masa gindi, kada a haɗa tsohuwar masara da sabuwa a ce duk ta bana ce. Tela, in ka san ɗinkin ba zai yiwu ranar Juma'a ba, faɗi gaskiya tun yau, ka daina cewa a dawo gobe. Bakanike, kayan da ka ce ka canja, ka canja. Malamin makaranta, shiga aji. Ɗalibi, bar satar amsa, ko da duk ajin sun yi. Ma'aikacin ofis, sa hannu a takardar talaka ba tare da jiran na goro ba. Uwar adashi, kuɗin mutane amana ne. Wanda ke da bashi a kansa yana kuma da halin biya, ya biya kafin ya je neman sabuwar shadda ta Kirsimeti. Na san kasuwa ta yi tsanani, na san kuɗin mota da na abinci sun ninka. Gaskiya za ta ci maka riba wata rana, ba zan ɓoye maka ba. Ka riƙe ta duk da haka. Wanda ba zai taɓa taka ƙofar majami'arku ba yana kallon mudunki, yana kallon alkawarinka. Gani ya kori ji.

Ku tsare harshe. An tashi daga taron zumunta, kafin a kai bakin titi an fara cin naman wadda ba ta zo ba. Ku daina. Saƙon da aka turo a WhatsApp, mai zagin wata ƙabila ko wani addini, wanda ba ku san tushensa ba, kada ku tura. Ku goge. Mun binne mutane da yawa a ƙasar nan saboda jita-jita.

Kada kuma ku yi tafiyar nan ku kaɗai. A shekarun 1960, da aikin Sabon Rai Don Kowa ya kankama, ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje ne ƙashin bayansa, talakawan masu bi, manoma da 'yan kasuwa, suna haɗuwa suna fita biyu-biyu. Ba su jira babban taro ba. Kai ma nemi mutum biyu a unguwarku. Ku sa rana. Ku riƙa tambayar juna ba kunya: ka karanta? Ka biya bashin nan? Kin shirya da surukarki? Addu'ar tsakiyar mako da aka bar wa tsofaffi mata biyar, ku koma ku cika bencin. Matasa, da ku nake.

Yau, ba gobe ba! Akwai gwauruwa a layinku da ba ta ɗora tukunya ba, ku kai mata kwano. Akwai mara lafiya da ya ga ƙafa ta ɗauke, ku je ku zauna da shi. Akwai yaron da ya daina zuwa coci, kowa na maganarsa, ba mai yi masa magana, ku neme shi. Maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba aka yi masa rasuwa, ku je ta'aziyya. Akwai kuma ɗan'uwan da kuka yi shekara ba ku ga maciji saboda gona ko gado, kuna cin Jibin Ubangiji a majami'a ɗaya kowa na kau da kai. Kada ka jira shi ya fara. Lambarsa tana cikin wayarka. Kira shi kafin ka kwanta, in bai ɗauka ba, ka sa takalmi da safe ka je ƙofar gidansa ka yi sallama.