Kira Ga Gwamnatin Jihar Kaduna: A Kusanto Mana Da Gwaji Da Magani

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani, ta hannun Ma'aikatar Lafiya, da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko, da Shugaban Ƙaramar Hukumar Zariya.



Ranka ya daɗe, mu mazauna Tudun Jukun a Zariya muna gabatar da wannan koke cikin ladabi. Buƙatarmu ɗaya ce: cututtukan da suka fi yawa a gidajenmu a riƙa gano su, a yi maganinsu, a kuma bi diddiginsu a ƙananan asibitocin unguwa, tun kafin su kai mu ga gadon babban asibiti.

Ba za a ce Zariya ta rasa likitoci ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika tun da ya koma can a 2005, ga tsohon asibitin a Tudun Wada kusa da mu, ga Asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga cibiyar lafiyar yara a Banzazzau. Muna godiya ga Allah da wannan arziki. Sai dai abin da ke kwantar da mutanenmu kullum ba ya buƙatar farfesa: zazzaɓin cizon sauro ne, da gudawa, da ciwon huhu na yara, da hawan jini, da ciwon suga, da ƙarancin jini ga masu juna biyu.

Ga yadda abin yake faruwa. Bayan isha'i jikin yaro ya yi zafi, uwa ta goya shi ta nufi kemis, domin shi ne a buɗe kuma shi ne ke ba da bashi. Mai kemis ya taɓa goshin yaro, ya ce "maleriya da taifot ne", ya ƙulla haɗin ƙwayoyi kala uku ko huɗu a leda, wani lokaci har da allura. Ba a ɗibi jini ba, ba a ƙirga numfashi ba. Alhali gwajin maleriya na gaggawa ɗigon jini kawai yake so daga yatsa, cikin kamar minti 20 sakamako ya fito, kuma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani. Idan ciwon huhu ne ke damun yaron, maganin maleriya ba zai yi masa komai ba, sai dai kwanaki su tafi har a kai shi asibiti yana jan numfashi da ƙyar. Yawan shan ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta babu dalili kuwa shi ke sa su daina aiki ranar da ake buƙatarsu da gaske.

Na manya ya fi wannan ɓoyuwa. Hawan jini yakan shekara da shekaru a jikin mutum bai nuna alama ba. Magidanci yana zuwa kasuwa, yana sallarsa a jam'i, in kai ya sara ya sha Panadol. Wata safiya sai a ga baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa, a ce iska ce ta buge shi. Daga nan sai shanyewar ɓarin jiki, ko wankin ƙoda da ke cinye jari da gona. Da an riƙa ɗaura masa abin awo a damtse, an ga jinin yana kaiwa 140/90 ko fiye a awo daban-daban, da ƙwaya ɗaya ko biyu a rana sun tare wannan masifa. Ko waɗanda aka gano ma, da yawa sukan ajiye maganin da zarar sun ji sauƙi, domin babu wanda ya zaunar da su ya ce musu wannan magani ba a barinsa, kuma babu wanda zai neme su idan ba su dawo ba. Haka ciwon suga yake, sai gyambon ƙafa ya ƙi warkewa ko gani ya dushe sannan a tuna da gwaji.

Doka ta riga ta share hanya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin lafiya a matakin farko. Jiharmu ta ɗauki tsarin asibiti guda mai inganci a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 255, ta kuma kafa hukumar inshorar lafiya ta KADCHMA. Abin da ya rage shi ne talaka ya ga amfanin waɗannan a tafin hannunsa. Don haka muke roƙon abubuwa biyar.

Na farko, a wadata ƙananan asibitocin da ke yi wa yankinmu hidima da kayan gwajin maleriya, da na'urar awon jini mai aiki, da ta suga tare da tsinkayenta, ba tare da yankewa ba. Duk baligin da ya shigo, ko rakiya ya yi, a auna jininsa.

Na biyu, a ware rana guda a mako ta masu hawan jini da suga, kowa da katinsa da ranar dawowarsa, a ba shi maganin wata guda a farashin da zai iya. An gwada irin wannan tsari a ƙananan asibitocin Kano da Ogun tun 2020, inda ma'aikatan lafiya na unguwa ke bin ƙa'ida mai sauƙi, su tura masu tsanani gaba.

Na uku, a yi yarjejeniya da sashen likitancin iyali na Asibitin Koyarwa, likita ya riƙa zuwa unguwa a ranakun da aka sani. Likitan da ya san uwa da ɗa da kaka a gida ɗaya shi zai lura cewa hawan jinin gado ne, ya kuma horar da ma'aikatan da ke wurin.

Na huɗu, a samar da ma'aikata na dare, musamman mata. Zazzaɓi da naƙuda ba su san lokacin tashi daga aiki ba, kuma mai cikin da jininta ya hau tana iya fara jijjiga cikin dare.

Na biyar, a kawo rajistar inshora har ƙofar mai unguwa, a fara da tsofaffi da zawarawa da marayu. Masu kemis kuma a horar da su, a sa musu ido, su san iyakarsu da lokacin da ya wajaba su ce "ku tafi asibiti".

Mu ma da namu nauyin, kuma mun ɗauka. Za mu yashe kwatocinmu kafin damina, mu kwana cikin gidan sauro, mu buɗe ƙofa ga masu raba maganin kariya daga maleriya ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, mu kai jarirai rigakafi har su kammala. Ɓarkewar mashaƙo da ta addabi Arewa a 2023 ta nuna mana abin da sakaci da allura ke jawowa. Muna kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, Allah ya ja zamaninsa, ya umarci hakimai da masu unguwanni da limamai su riƙa tunatar da jama'a awon jini da na suga, kamar yadda sarakuna suka tsaya a kan shan inna har aka ayyana Afirka ta rabu da ita a 2020.

Ranka ya daɗe, muna fatan a turo jami'ai su zauna da dattawanmu da matanmu, su gani da idonsu, a sa lokacin fara aiki. Allah ya yi riƙo da hannunku, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da jiharmu lafiya. Amin.

Wassalam.

Daga al'ummar Tudun Jukun, Zariya.