A Duba Kafin A Zura Hannu

Akwai wani wasa da ake kira Geocaching, wanda aka fara a jihar Oregon ta Amurka a watan Mayun 2000. Mutum zai ɓoye ɗan akwati da takardar sa hannu a ciki, ya ba da lambobin GPS na wurin, wasu kuma su bi da waya su nemo shi. Wani lokaci ba a samun lambobin sai an amsa tambayoyi. Wasu masu ɓoyewa kan gina tambayoyinsu a kan gane gizo-gizo mai dafi, kuma a ganina sun yi dabara.

Ana yawan ɓoye akwatunan nan a ƙarƙashin duwatsu, cikin kogon bishiya ko tsakanin itatuwan da aka tara. A irin waɗannan wurare masu duhu gizo-gizon da Turawa ke kira black widow yake zama. Macen baƙa ce mai sheƙi, a ƙasan cikinta akwai jan tabo mai siffar kalangu. Dafinta yana taɓa jijiyoyi, ya sa ciwon tsoka da gumi. Akwai kuma brown recluse, mai ido shida, alhali yawancin gizo-gizo ido takwas gare su. Wanda ya koyi waɗannan alamomi kafin ya fita, ba zai zura hannu a rami da ka ba.

Wasu za su ce wannan zai sa yara su riƙa zuwa kusa da abin da ke iya cutar da su. Damuwarsu tana da tushe, shi ya sa nake ganin a kafa sharaɗi biyu. A koyi alamomin daga hoto, kada a je neman mai rai. Sannan mai ɓoyewa ya zaɓi wuri mai haske, nesa da saƙar gizo.

Mu ma a nan muna da kunama da maciji a ƙarƙashin duwatsu. Malamanmu na kimiyya za su iya shirya mana irin wannan wasa a harabar makaranta, tambayoyinsa duk a kan gane su. Kafin nan, a riƙa haska rami da tocila, a taɓa da sanda tukuna. Idan an yi cizo ko harbi, a sanar da malami nan take a tafi asibiti.